Ɗa ɗaya a shekara 4: yadda dolfin ke barbara, haihuwa da reno

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Matan Fada ranar kamun kifin Argungu ya san giwan ruwa, kifin nan da ƙarti ke cicciɓowa ana kiɗa ana guɗa. Macen giwan ruwa in ta ƙasaita tana zubar da ƙwai miliyoyi a cikin ruwa, namiji ya saki nasa ruwan a kai, daga nan kowa ya kama gabansa. Ba shayarwa, ba reno. Mafi yawan ƙwan abincin wasu halittu ne, amma yawansu ya kai ko kaɗan suka tsira iri ba zai yanke ba.

Dolfin mai bakin kwalba, wanda muke gani a wayoyinmu yana tsalle a teku yana wasa da mutane, ya bi wata hanya ce dabam. Siffarsa ta kifi ce, amma ba kifi ba ne. Da huhu yake numfashi, ta wata ƙofa da ke tsakar kansa, jininsa mai ɗumi ne, macen tana ɗaukar ciki, ta haihu, ta ba da nono. In ban da danginsa na teku, a cikin dabbobin da suka rage a doron ƙasa, wadda ta fi kusa da shi a dangantaka ita ce dorina, wadda mutanen Yawuri ba sa bukatar a yi musu bayaninta. Macen dolfin tana ɗauke da ciki wata 12, ta haifi ɗa guda, sannan ta yi shekara 3 zuwa 6 kafin ta sake haihuwa. A ganina wannan jinkirin shi ne mabuɗin komai. Wanda ya riƙe shi zai fahimci dalilin da ya sa mazan ke ƙulla ƙawance na shekaru, da dalilin da ya sa suke tsare mace da ƙarfin tsiya, har da abin da ya fi ɗaga hankali, wato kisan jarirai.

Akasarin abin da aka sani game da rayuwarsu a teku daga wurare biyu ya fito. Na farko Sarasota ce, a jihar Fulorida ta Amurka, inda aka fara bin dolfin ɗaya bayan ɗaya tun 1970, kuma Randall Wells ya sadaukar da rayuwarsa ga aikin. Na biyu Shark Bay, a yammacin Ostireliya, inda Richard Connor da Rachel Smolker suka fara a 1982, daga baya Janet Mann ta zo ta duƙufa a kan iyaye mata da 'ya'yansu. Na Ostireliyan wani jinsi ne ɗan ƙarami, ɗan uwan na Fulorida na kusa. Ana gane kowane dolfin ta tsaga da tabon da ke jikin fiffiken bayansa, don haka masu binciken sun san wace ce uwar wane, wace ce kakarsa, wane ne abokin wane.

Mu fara da lissafin da namiji ke fuskanta. A Shark Bay mace ba ta cika yin haihuwar fari ba sai ta kai wajen shekara 12, kuma ba ta yaye ɗa sai ya kai kimanin shekara 4, wasu ma har 8. Duk tsawon lokacin da take da ciki ko take tsakiyar shayarwa, ba ta da ƙwan da namiji zai samu. Ke nan a kowace shekara matan da ke shirye su ɗauki ciki 'yan kaɗan ne, alhali duk namijin da ya balaga a shirye yake ko da yaushe. Masu nema sun yi yawa, abin nema ya yi kaɗan. Ga shi teku ba shinge, ba lungu, mace na iya gudu sama ko ƙasa, dama ko hagu. Namiji ɗaya ba zai iya tsare ta ba, balle ya kore abokan hamayya.

Mafitar da mazan Shark Bay suka samu ita ce haɗin kai. Biyu ko uku za su ware mace ɗaya daga cikin 'yan uwanta, su sa ta a gaba. Wanda ya kalli abin daga kwalekwale zai ga macen a tsakiya, namiji ɗaya ta damarta, ɗaya ta hagunta, sun ɗan ja baya kaɗan, suna fitowa shan iska tare suna nutsewa tare kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. In ta fara nisa sai su yi mata wani sauti mai kama da ƙwanƙwasa ƙofa, ma'anarsa ta matso. In ta ƙi, ko ta ɓalle da gudu, sai su bi ta, su bangaje ta, su make ta da bindi, wani lokaci har da cizo. Wannan tsarewa kan ɗauki sa'o'i, ko kwanaki, akwai wadda ta haura wata guda. Connor da abokan aikinsa ne suka bayyana wannan a 1992, kuma ya girgiza mutane da yawa da suka ɗauka dolfin ba ya komai sai fara'a. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma ban da ta dolfin. Murmushin nan ƙirar muƙamuƙinsa ce, yana nan ko yana wasa, ko yana faɗa, ko yana jin ciwo.

Abin bai tsaya a kan maza biyu ko uku ba, kuma nan ne ya fi ba ni mamaki. Kowane ƙaramin gungu yana cikin wata babbar ƙungiya ce ta maza 4 zuwa 14, kuma ƙungiyar kan daɗe shekaru goma-goma ba ta watse ba. In gungu ya hango wasu maza riƙe da mace, yakan je ya ɗauko 'yan ƙungiyarsa su dawo su ƙwace ta. Su ma waɗanda aka kawo wa hari nasu za su shigo musu. Sama da wannan kuma akwai mataki na uku, inda ƙungiya da ƙungiya ke da fahimtar juna, in faɗa ya yi tsanani su mara wa juna baya. Wani bincike da Connor da Stephanie King da sauransu suka fitar a 2022, bayan bin maza 121, ya nuna cewa in aka cire ɗan Adam, babu halittar da aka sani tana da sarƙar ƙawance mai faɗin wannan. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma gwajin ƙwayoyin halitta ya tabbatar da haka a wurinsu: mazan da suka fi samun 'ya'ya su ne waɗanda suka fi karɓuwa a cikin ƙungiyarsu, masu abota mai ƙarfi da kowa.

Yawancin 'yan ƙungiyar ba 'yan uwan jini ba ne, sa'o'in juna ne da suka taso tare. Suna raya zumuncin da shafar juna da fikafikan gefe, da iyo kafaɗa da kafaɗa. Kowane dolfin yana da wani fito nasa na kansa wanda yake ƙirƙira tun cikin shekararsa ta farko, ya zame masa kamar suna, kuma Melba da David Caldwell ne suka fara gano haka a 1965. Namiji yana sanin fiton kowane abokinsa, yana kuma tuna wanda ya taɓa kawo masa ɗauki. Horon ma tun ƙuruciya yake farawa. Samari kan yi wasan tsare mace a tsakaninsu, ɗaya ya zama wanda ake kora, sauran su kore shi, sannan a canza. Wani bincike na 2024 ya gano cewa waɗanda suka fi yin wannan wasan suna yara sun fi haihuwa bayan sun girma.

Kada a ɗauka haka suke ko'ina. A Sarasota maza bibbiyu suke haɗuwa, abota ce da kan kai shekara 20, sau da yawa mutuwa ce ke raba su, kuma ba a cika ganin irin tsananin takurawar Shark Bay ba. A Moray Firth ta Sikotlan, inda ruwa ke da sanyi kuma dolfin ɗin manya ne, wasu na kusan mita 4, namiji yawanci shi kaɗai yake nemansa. Yawan dabbobin da ke wuri da yadda suke cin karo da juna su ke tsara halin, ba wai an halicce su da doka ɗaya ba.

Barbarar kanta ba ta da tsawo. Ciki da ciki suke haɗawa suna cikin iyo, daƙiƙu kaɗan an gama, sai dai ana maimaitawa. Gaban namiji a ɓoye yake cikin wata tsaga a ƙasan cikinsa, ba ya fitowa sai da bukata. Ita ma macen tsaga ce, da ƙananan tsagogi biyu a gefe da gefe inda kan nono ke ɓoye, don kada komai ya tare ruwa a yayin gudu. Akwai wata hikimar halitta a nan da ta cancanci a tsaya a kanta. 'Ya'yan marainan yawancin dabbobi a waje suke rataye, saboda maniyyi ba ya son zafi. Na dolfin a cikin ciki suke, tsakanin tsokoki masu zafi saboda aiki, ga kitse ya lulluɓe jiki. To jinin da ya bi ta fiffiken baya da bindi, inda ba kitse sosai, yakan huce a can, sai jijiyoyi su dawo da shi ya ratsa kusa da marainan ya sanyaya su. Irin wannan tsarin ne kuma ke kare ɗan tayi a mahaifar uwa daga zafi. Allah gwanin halitta.

Sai dai kuskure ne a ɗauka macen ba ta da ta cewa. Tana gujewa, tana juya cikinta sama ko gefe ta hana namijin da ba ta so, wani lokaci ta shige ruwa marar zurfi inda ba su da sararin kewaye ta. A cikin al'aurarta akwai naɗe-naɗen tsoka da maniyyi zai ratsa, kuma Dara Orbach da Patricia Brennan, waɗanda suka yi nazarin wannan sashe, suna ganin ɗan karkacewar jikinta kaɗai na iya rage wa namiji damar yi mata ciki. Babban makaminta kuwa shi ne tana iya fitar da ƙwai sau da dama a shekarar da za ta ɗauki ciki, ta sadu da maza da yawa daga gungu daban-daban. Ƙarshenta babu namijin da ya tabbata ɗan nasa ne, babu kuma wanda ya tabbata ba nasa ba ne.

Me ya sa hakan zai amfane ta? Amsar tana da ɗaci. Macen da ke shayarwa za ta yi shekaru ba ta karɓi ciki ba, amma in jaririnta ya mutu, cikin ɗan lokaci take dawowa a shirye. Don haka namijin da ya san ɗan ba nasa ba ne yana da riba in ɗan ya mutu. A 1998 masana a Sikotlan suka ba da rahoton gawarwakin jarirai 5 da teku ta turo gaɓa, da karayar haƙarƙari, da fashewar kayan ciki, da shaidar haƙoran manyan dolfin a fatarsu. An samu irin haka a gaɓar Bajiniya ta Amurka, jarirai 9 tsakanin 1996 da 1997. A 2013 kuma, kusa da tsibirin Tybee a jihar Jojiya, masu bincike suka yi katarin ganin haihuwa da idonsu a cikin teku, abin da ba kasafai ake dacewa da shi ba. Mintuna kaɗan da fitowar jaririn, maza biyu suka far masa, suna hawa kansa suna danna shi ƙasa don kada ya sha iska. Uwar ta riƙa shiga ƙarƙashinsa tana ɗago shi da kanta da bayanta, su danna, ta ɗago, su danna, ta ɗago. Washegari an gan shi da ransa a gefenta. Masana da yawa na ganin saduwar mace da maza barkatai garkuwa ce daga irin wannan, domin namijin da ya taɓa saduwa da ita zai yi shakkar taɓa ɗan. Ban ɗauki wannan a matsayin muguntar dabba ba, dabba ba ta da hisabi. Amma ban ga amfanin ɓoye shi don a bar mutane da hoton da suka saba gani a bidiyo ba.

Haihuwa na iya zuwa a kowane wata, sai dai ta fi yawa lokacin da ruwa ya yi ɗumi. A Shark Bay tsakanin Oktoba da Disamba ne. Galibi bindi ke fara fitowa, kai ya zo ƙarshe, ta yadda jaririn ba zai nemi numfashi ba alhali rabin jikinsa na ciki. Cibiya ta tsinke, ya yunƙura sama, uwar na tallafa masa, ya ja iskarsa ta farko. Tsawonsa wajen mita 1 ne. Fiffiken bayansa a lanƙwashe yake, laushi tiɓis, sai bayan ɗan lokaci ya miƙe. A gefen jikinsa akwai layi-layi masu haske, shaidar yadda ya naɗe a ciki, a kan bakinsa kuma 'yan gasu ƙalilan da ke zubewa ba da jimawa ba. A kwanakin farko bai iya numfashi da kyau ba, sai ka ga ya ɗago kai gaba ɗaya ya faɗo ruwa fatsal, ba irin sulɓin manya ba.

Daga nan wahalar uwa ta fara. Jaririn ba shi da kitsen da zai riƙe shi a saman ruwa sosai, ba shi da ƙarfin iyo mai nisa, sai ya manne a gefenta kusa da fiffiken baya, inda ruwan da jikinta ke turawa ke jan sa gaba. Ita ke biyan kuɗin, domin gudunta na raguwa, farautarta ma haka. A makonnin farko kusan ba ta tsayawa. Dolfin dama da rabin ƙwaƙwalwa yake barci, ɗaya rabin na farke don numfashi da tsaro, amma mai jego ko wannan ɗin kaɗan take samu. Shan nono kuwa a ƙarƙashin ruwa ake yi. Jaririn ba shi da leɓen tsotso, sai ya kai baki tsagar nonon, ya naɗe harshensa mai geza a gefe ya zama kamar mazurari, uwar ta matso tsoka ta feso masa nonon. Daƙiƙu kaɗan ne, ya saki ya hau shan iska, anjima ya dawo, dare da rana. Maiƙon nonon ya ninka na saniya sau da yawa, shi ya sa yake saurin yin ƙiba.

Uba ba ya cikin wannan duka. Ba ya kawo abinci, ba ya tsaro. Uwa ce makaranta. Daga gare ta ɗa ke koyon inda kifi yake, da yadda ake kama shi, da wanda za a guje wa. A Shark Bay akwai wasu iyalai da ke tsinko soson teku su sa a baki, su riƙa tonon ƙasan ruwa da shi don kada duwatsu su ji musu ciwo, kuma sana'a ce da ke bin uwa zuwa 'ya'ya, musamman mata. Har muryarta takan canza saboda shi: wani bincike na 2023 a kan iyaye mata 19 a Sarasota ya nuna cewa fiton uwa yana ƙara siranta da tashi sama in ɗanta na kusa, irin yadda mace ke sauya murya in tana yi wa jariri wasa.

Duk da wannan hidima, asarar na da yawa. A Shark Bay kashi 44 cikin 100 na jariran ba sa kai shekara 3. Kifin shak na cin wasu, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 na manyan dolfin na wurin suna ɗauke da tabon cizonsa. Yunwa da cuta na ɗaukar wasu. An sha ganin uwa tana tura gawar ɗanta a saman ruwa kwana da kwanaki, ta ƙi saki, ko abincin kirki ba ta ci. Mutane ma, da kyakkyawar niyya, sun taɓa ƙara musu. A Monkey Mia ta Shark Bay, bakin ruwan da masu yawon buɗe ido ke ba dolfin kifi da hannu, an lura 'ya'yan matan da suka saba da karɓar kyauta sun fi mutuwa, domin uwar na can tana jiran kifi maimakon ta shayar ta kuma koya wa ɗanta farauta. Sai da hukuma ta taƙaita ciyarwar a tsakiyar shekarun 1990 kafin abin ya yi sauƙi. Abin da ke cike giɓin shi ne tsawon rai. Matan na iya haura shekara 50, a Sarasota an ga mai shekara 48 ta haihu, wata kuma da suka sa wa suna Nicklo ta kai 67. Amma ko mai tsawon ran, 'ya'yan da za ta raya har su girma ba su da yawa.

Mu a nan Kabi wannan lissafin bai kamata ya zama baƙo gare mu ba, saboda ayu. Ayu ba dangin dolfin ba ne, giwa ce ma ta fi kusa da shi, kuma ciyawa yake ci ba kifi ba. Amma a wajen haihuwa tafiyarsa ɗaya da dolfin: ciki na wajen shekara guda, ɗa ɗaya, doguwar shayarwa da nonon da ke hammatar uwa, sai tazarar shekaru. Yana nan a kogin Kwara da tafkin Kainji, kuma doka ta hana farautarsa, amma ana kashe shi don nama da man da ake tallarsa a matsayin magani. Masunci ya san in ya kama giwan ruwa goma bana, baɗi wasu za su taso. Ayu mace ɗaya in ta faɗa raga ko ta sha mashi, sau da yawa rai biyu ne suka tafi, da na ciki ko na goye, ga kuma duk haihuwar da ke gabanta. Wannan ne ya sa nake jin zafin ganin kwalaben man ayu a kasuwa.

Shi dolfin, bayan raga, babbar barazanarsa ita ce dattin da muke zubawa a ruwa. Wasu sinadaran masana'antu ba sa narkewa, suna taruwa ne a kitsen jiki shekara da shekaru. Namiji haka zai yi ta tara su har ya mutu. Mace kuwa in ta haihu, sai kaso mafi tsoka na abin da ta tara tun ƙuruciya ya bi ta nono ya shige ɗan farinta, kuma wannan na cikin dalilan da masu binciken Sarasota ke dangantawa da yawan mutuwar 'ya'yan fari. Ruwan da ke wucewa ta Yawuri, bayan ya ratsa Neja Delta mai fama da malalar ɗanyen mai, a Tekun Atilantika yake zubewa, kuma akwai irin wannan dolfin a mashigin tekun Gini. An ga abin da ɗanyen mai ke yi musu a wani wuri. Bayan fashewar rijiyar mai ta Deepwater Horizon a mashigin tekun Meziko a 2010, likitocin dabbobi sun kama matan dolfin a Barataria ta jihar Luwiziyana, suka duba su da na'urar hoton ciki, sannan suka bi masu cikin don ganin yadda za ta kaya. Kashi 20 cikin 100 kacal suka fito da ɗa mai rai, alhali a Sarasota, inda man bai kai ba, kashi 83 ne. An toshe rijiyar cikin wata 3, amma masanan sun ƙiyasta cewa dolfin na Barataria za su ɗauki sama da shekara 30 kafin yawansu ya koma yadda yake.